CIWON MATSEMATSI GA 'YAN WASA: RANAR WANKA BA A ƁOYON CIBI

A cikin raunukan da ke samun 'yan wasa akwai waɗanda jama'a ke gani da idonsu, akwai kuma waɗanda ba wanda ya san da su sai mai su. Idan ɗan ƙwallo ya karye a ƙafa, ko goshinsa ya fashe, nan take za a tsai da wasa a ɗauke shi zuwa asibiti, 'yan kallo suna yi masa sannu. Amma akwai wani ciwo wanda ba ya fid da jini, sau da yawa ba ya ko kumbura, sa'an nan kuma ya zaɓi wurin da mai kunya ba ya son nunawa. Wannan shi ne ciwon matsematsi, watau inda cinya ta haɗu da mara. Da yawa daga cikin waɗanda ya kama sukan yi shiru su ci gaba da wasa, suna ɗingishi a ɓoye, har raunin da mako uku zai ishe shi warkewa ya koma na watanni.

Ciwon nan bai san babba ba, bai san yaro ba. A farkon watan Janairu na 2024, saura 'yan kwanaki a fara gasar cin Kofin Ƙasashen Afirka a Kwaddibuwa, ƙungiyar Super Eagles tana sansanin atisaye a Abu Dabi, sai Victor Boniface, wanda a lokacin yake zura wa ƙungiyar Bayer Leverkusen ta Jamus ƙwallaye, ya ji ciwo a tsokar cikin cinyarsa. Tilas aka cire sunansa aka sa Terem Moffi a madadinsa, aka yi masa tiyata, bai sake buga wasa ba sai cikin watan Afrilu. Kafin wannan, a watan Satumba na 2020, irin wannan rauni ya kai Wilfred Ndidi ɗakin tiyata sa'ad da yake Leicester City ta Ingila, shi ma bai koma fili ba sai watan Disamba. Waɗannan kuwa mutane ne da likitoci ke kewaye da su dare da rana. To, ina ga ɗalibin da ke buga wa makarantarsa, ko ma'aikacin da ke fita filin unguwa ran Asabar da safe bayan ya shafe kwana biyar a kan kujerar ofis?

Domin a san yawan abin, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Turai ta sa an bi diddigin raunukan 'yan wasan manyan ƙungiyoyi 23 har kaka bakwai, daga 2001 zuwa 2008. An ƙirga raunuka 628 na matsematsi da gaɓar ƙugu, watau kashi 12 zuwa 16 cikin 100 na dukan raunukan kowace kaka. Daga cikinsu 399 a tsokokin cikin cinya suke. Idan aka yi tsaka-tsaki, kowane rauni ya hana mai shi wasa kwana 15, kuma kashi 15 cikin 100 tsohon ciwo ne ya sake tashi. Maza sun fi mata kamuwa da shi, amma su ma matan ba su tsira ba.

YADDA WURIN YAKE

Ba a fahimtar wannan ciwo sai an san ginin wurin. A ƙarƙashin mara akwai ƙashi guda biyu, na dama da na hagu, waɗanda suka haɗu a tsakiya, guringuntsi ya riƙe su. Su ne gaban ƙashin ƙugu. Tsokokin ciki suna saukowa daga sama su kama wannan ƙashi. Tsokokin cikin cinya kuma, waɗanda aikinsu shi ne jawo ƙafa ta haɗu da 'yar'uwarta, suna tasowa daga ƙasa su kama shi, har jijiyoyin da suka ɗaure ɓangarorin biyu suna sarƙe da juna. Misalinsa kamar turke ne da aka ɗaure wa dabbobi biyu, ɗaya tana ja gabas, ɗaya tana ja yamma. Muddin ƙarfinsu ya yi daidai, turke yana nan lafiya. Ran da ɗaya ta rinjayi ɗaya, ko dai igiya ta tsinke, ko turke ya girgiza.

Duk sa'ad da ɗan wasa ya ɗaga ƙafa ya doka ƙwallo da ƙarfi, ko ya taho a guje ya juya farat ɗaya, ko ya miƙa ƙafa gefe don ya tare abokin hamayya, wannan jayayya ce ke faruwa. Shi ya sa ciwon ya fi yawa a ƙwallon ƙafa, da ƙwallon gora, da zari-ruga. Ɗan kokawar da ya buɗe ƙafafu ya kafe, abokin karawa kuma ya sunkuya ya fizgi ƙafa guda, shi ma wannan wuri ne ke ɗaukar nauyin.

Har wa yau, dab da ƙashin nan akwai wani ɗan kororo a jikin bangon ciki, tsawonsa kamar santimita 4. Ta nan ne 'ya'yan maraina suka bi suka sauka tun yaro yana cikin mahaifiyarsa, kuma ta nan jijiyoyinsu ke bi har iyakar rayuwa. Mata ma suna da shi, sai dai nasu ya fi ƙanƙanta. Wannan kororo shi ne wuri mafi rauni a bangon ciki.

ƘABA CE KO BA ƘABA BA CE?

A nan ne ruɗani ya samo asali. Ƙaba ta sosai, wadda idan ta sauka cikin maraina ake ce mata gwaiwa, kafa ce ke samuwa a bangon ciki, hanji ko kitse ya turo ta ciki. Alamarta ba ta ɓuya: ƙullutu ne da ke fitowa idan mutum ya tsaya, ko ya yi tari, ko ya ɗaga kaya, ya kuma koma idan ya kwanta. Dama an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Amma abin da Turawa suka raɗa wa suna “ƙabar 'yan wasa” yawanci ba ƙaba ba ne sam. Bango ne ya yi rauni, ko tantaninsa ya yage, ko wata jijiyar ji da ta ratsa wurin ta matsu, amma ƙadangare bai shiga ba. Saboda haka babu ƙullutun da za a gani, sai zafi kawai. Wani likitan tiyata na birnin Landan, Jerry Gilmore, shi ne ya bayyana wannan yagewa a 1980, bayan ya yi wa wasu ƙwararrun 'yan ƙwallo uku aiki, waɗanda suka yi watanni ba su buga wasa ba, aka kuma rasa gane abin da ke damunsu. Har yanzu a Ingila akwai masu kiran ciwon da sunansa.

Daga nan sunaye suka yi ta yawa, kowace ƙasa da nata, kowane likita da nasa. Da aka tattara bincike 72 da aka yi a kan ciwon, sai aka tarar an yi amfani da sunaye 33 dabam dabam. Wannan ya sa a watan Nuwamba na 2014 masana 24 daga ƙasashe 14 suka taru a Doha, babban birnin Katar, suka amince da tsari guda wanda aka buga a 2015. Sun kasa ciwon bisa ga wurin da ya fito. Na farko shi ne na tsokokin cikin cinya, wanda ya fi kowanne yawa. Na biyu na tsokar da ke ɗaga cinya sama, wadda ta taso daga ƙashin baya ta ratso ta gaban ƙugu. Na uku na kororon nan da aka ambata, shi ne wanda aka daɗe ana kira ƙabar 'yan wasa. Na huɗu na mahaɗar ƙashin mara ita kanta. Ban da waɗannan huɗu akwai ciwon da ke fitowa daga gaɓar ƙugu, akwai kuma wanda wata cuta ce dabam ta haddasa shi. Mutum ɗaya yana iya haɗa biyu ko uku a lokaci guda. Amfanin wannan rabe-rabe shi ne kowanne da irin maganinsa, kuma wanda aka laƙaba wa sunan da ba na ciwonsa ba, maganin da ba nasa ba za a yi masa.

YADDA AKE GANE SHI

Ciwon yakan zo ta hanya biyu. Akwai mai zuwa farat ɗaya: ɗan wasa ya doka ƙwallo ko ya juya, sai ya ji kamar an soka masa wuƙa a cikin cinya, wani lokaci har ya ji abu ya tsinke, bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya yi baƙi saboda taruwar jini. Wannan ba ya ɓoyuwa. Na biyun shi ne mai hatsari, domin sannu a hankali yake shigowa. Da fari sai bayan an tashi wasa ake jinsa, ko washegari da safe wajen saukowa daga gado. Idan jiki ya yi ɗumi sai ya lafa, mai shi ya ɗauka ya warke. Bayan 'yan makonni sai ya fara zuwa ana tsakiyar wasa, doguwar ƙwallo ta gagara, gudu ya ragu. A ƙarshe tari, da atishawa, da fitowa daga mota, da juyi a kan shimfiɗa duk su zama aiki.

Babban makamin likita a nan shi ne tambaya da hannu. Zai so ya ji yaushe ciwon ya fara, wane motsi ke ta da shi, an taɓa yin irinsa a da, an kuma ƙara yawan atisaye kwanan nan ko a'a. Sa'an nan ya kwantar da mutum ya bi wurin da yatsa. Idan ya danna inda tsokar cikin cinya ta kama ƙashi aka ji zafi, ya kuma sa hannu tsakanin ƙafafu ya ce a matse, zafin da aka saba ji ya taso, to, tsokar ce. Idan zafin a saman layin matsematsi yake, yana kuma ƙaruwa da tari ko yunƙurin tashi zaune daga kwance, alhali babu ƙullutu, to, kororon ne. Zai kuma lanƙwasa cinya ya juya ta ciki da waje don ya gwada gaɓar ƙugu. Ba makawa ya duba maraina, ya kuma laluba bakin kororon don ya tabbata babu ƙaba ta sosai. Wanda ya hana a yi wannan dubawa saboda kunya, kansa ya cuta, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Hotuna taimako suke yi, ba su ne alƙali ba. Hoton ƙashi yana nuna lafiyar gaɓar ƙugu. Sikanin da ake goga wa fata yana iya nuna bangon ciki yana turowa sa'ad da mutum ya yi yunƙuri. Na'urar maganaɗisu da ake kira MRI tana nuna yagewar tsoka da kumburin ƙashi. Amma an sha ɗaukar hoton 'yan ƙwallon da ba abin da ke damunsu, a tarar da irin waɗannan canje-canje a jikinsu. Saboda haka hoto shi kaɗai ba hujja ba ne ta yanka mutum, sai ya dace da abin da hannun likita ya samu. Wannan albishir ne ga wanda ba shi da kuɗin hoto mai tsada, domin yawancin ciwon nan ana iya gane shi a kan gadon duba marasa lafiya.

MASU SHIGAR BURTU

Dalili mafi ƙarfi na zuwa asibiti da wuri shi ne akwai cututtukan da ke fakewa da ciwon matsematsi alhali ba ruwansu da wasa. A ƙasar nan, inda amosanin jini, watau sikila, ya yi yawa, kan ƙashin cinya yana iya mutuwa saboda rashin isar jini, kuma a matsematsi ake fara jin zafinsa. Tarin fuka yakan kama gaɓar ƙugu ko ƙashin baya. Akwai ƙurjin da ke taruwa can cikin tsoka, mai zuwa da zazzaɓi. Akwai kaluluwa, wadda sau da yawa gyambo ne a ƙafa ke ta da ita. Akwai tsakuwar ƙoda, da tsargiya, da ciwon sanyi. Ga mata akwai cututtukan mahaifa da na ƙwai. Ga masu gudun dogon zango da kuratan soja akwai tsagewar wuyan ƙashin cinya, wadda idan aka ci gaba da gudu a kanta takan zama karaya sosai. Yaro kuwa mai shekara 10 zuwa 16 da ya fara ɗingishi yana kukan matsematsi ko gwiwa, musamman idan mai jiki ne, lalle a ɗauki hoton ƙugunsa, domin kan ƙashin cinya yakan zame a wannan shekaru. Duk ciwon da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko jini a fitsari, ko yake hana barci ba tare da an motsa ba, ba na a jira ba ne.

Abu biyu kuwa ba sa kwana. Na farko, ƙullutun ƙaba da ya yi tauri, ya ƙi komawa, yana zafi, ga amai, ga ciki ya ɗaure: hanji ne ya shaƙe, kuma yana iya ruɓewa cikin sa'o'i kaɗan. Na biyu, zafi mai tsanani da ya faɗo wa ɗan maraina farat ɗaya, yawanci ga samari: yana yiwuwa murɗewa ya yi, jini ya daina isa gare shi, kuma idan aka wuce kamar awa 6 ba a yi aiki ba, ana iya rasa shi. Waɗannan asibiti ake nufa da su ko da tsakar dare ne.

MAGANI: HUTU KAƊAI BA YA ISA

Idan tsoka ta yage ana cikin wasa, abu na farko shi ne a fita daga fili. A kwana biyu ko uku na farko a riƙa ɗora ƙanƙara da aka naɗe cikin tsumma, minti 15 zuwa 20 kowane karo, a guji gashi da ruwan zafi, da murza mai ƙarfi, da miƙe ƙafa da tsiya, domin duk suna iya ƙara zubar jini a cikin tsokar. Jama'a sun saba kai targaɗe wurin maɗori, amma a nan ba ƙashi ne ya goce ba balle a ja shi ya koma. Tsaga, da ƙaho, da sakiya a matsematsi kuwa ganganci ne, saboda manyan hanyoyin jinin ƙafa ta nan suka bi, kuma ƙullutun da aka ɗauka ƙurji ne yana iya kasancewa hanji.

Akwai kuma ɗabi'ar da ta zama ruwan dare, ta biyawa kemis a sayi ƙwayar kashe zafi kafin a shiga fili. Jiki magayi ne, zafi kuma saƙonsa ne. Wanda ya toshe bakin ɗan aike bai hana abin da aka aiko a faɗa masa faruwa ba. Ƙwayoyi irin su dikulofenak da ibufurofen suna da amfani na 'yan kwanaki bisa shawarar likita, amma yawan shansu yana jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Tiramadol kuwa, ban da kama mutum da yake yi, Hukumar Yaƙi da Ƙwayoyin Ƙara Kuzari a Wasanni ta Duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga ran 1 ga Janairu, 2024.

Kwana nawa ake ɗauka? A asibitin 'yan wasa na Aspetar da ke Doha an bi mutum 81 da tsokar cikin cinyarsu ta yage, aka yi musu magani da atisaye mataki-mataki, aka buga sakamakon a 2020. Masu ƙaramar yagewa sun koma cikakken atisaye da ƙungiyarsu cikin kamar kwana 18, waɗanda tasu ta tsinke gaba ɗaya kuma kamar kwana 78. Abin lura a nan shi ne, cikin waɗanda suka haƙura har gwajin likita ya nuna zafi ya ɗauke sarai, 5 cikin 100 ne kawai ciwon ya dawo musu a cikin shekara guda. Cikin waɗanda ba su kai wannan mataki ba kuwa, 21 cikin 100 ne. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Game da ciwon da ya daɗe, an yi zamanin da shawara ɗaya ce ake bayarwa, watau a huta. Mutum ya huta wata biyu, zafi ya kwanta, ran da ya koma fili ya dawo sabo, domin tsokar da ba ta da ƙarfi hutu ƙara mata rauni yake yi. Wanda ya sauya wannan tunani shi ne Dakta Per Hölmich na Kopenhagen, a ƙasar Danmak, a binciken da ya buga a 1999. Ya kasa 'yan wasa 68 masu daɗaɗɗen ciwon tsokar cikin cinya gida biyu. Kashi ɗaya aka yi musu tausa, da miƙa tsoka, da gashin lantarki. Ɗaya kashin aka sa su atisayen ƙarfafa tsokokin cinya, da na ciki, da na baya, tare da koyon tsayuwa daram a kan ƙafa ɗaya, na tsawon mako 8 zuwa 12. Cikin masu atisaye, 23 suka koma wasa ba tare da zafi ba. Cikin masu tausa, 4 kacal.

Tsarin da likitocin gashin ƙashi ke bi a yau daga nan ya samo tushe. Ana farawa da matse ƙwallo tsakanin gwiwoyi ana kwance, daga nan a koma ga ɗaga ƙafa da jan roba, sai keke ko iyo don kada numfashi ya ragu. Bayan haka a fara gudu a miƙe, sannu sannu a ƙara sauri, sa'an nan a shiga juye-juye, a ƙarshe a zo ga dukan ƙwallo, gajere kafin dogo. Ba kalanda ke ba da izinin hawa mataki na gaba ba, jiki ne: sai an yi na yau ba tare da zafi ya tashi washegari ba. Ana samun sassan gashin ƙashi a asibitocin koyarwa, da Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, da manyan asibitocin jihohi.

YAUSHE AKE TIYATA?

Ƙaba ta sosai tiyata ce maganinta. Babu saiwa, ko jiƙo, ko ɗamarar da ke rufe kafar da ta buɗe a bangon ciki. Jijiyar da ta ɓalle daga ƙashi gaba ɗaya kuwa, wani lokaci akan ɗinke ta, wani lokaci atisaye ya wadatar, gwargwadon yadda likita ya gani.

Ciwon kororon nan kuma, ƙa'ida ita ce a fara da atisaye na wata biyu zuwa uku, in ya ƙi sai a yi maganar wuƙa. A ƙasar Finlan, Dakta Hannu Paajanen da abokan aikinsa sun gwada wannan a kan mutum 60 da suka yi watanni suna fama, suka buga sakamakon a 2011. Mutum 30 aka yi musu aiki ta 'yan ƙananan kafofi, aka shimfiɗa raga a bayan bangon ciki. Sauran 30 aka ci gaba da yi musu magani ba tiyata. Bayan wata uku, 27 daga cikin waɗanda aka yi wa aiki sun koma wasa, alhali 8 ne kawai daga ɗaya ɓangaren. Akwai kuma likitocin da ke buɗe wurin su ɗinke tantanin ba tare da raga ba. Ko ta wace hanya aka bi, yawanci akan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu kafin a koma fili, kuma aikin bai rasa nasa hatsari ba, kamar shigar ƙwayoyin cuta ko zafin da ke saura bayan an warke. Sa'an nan wuƙa ba ta ƙara wa tsoka ƙarfi. Wanda aka yi wa tiyata ya tsallake atisayen da ke biyo baya, rabin magani ya sha.

RIGAKAFI

Bincike ya nuna abubuwan da suka fi jawo ciwon su ne tsohon raunin da bai warke sarai ba, da rashin ƙarfin tsokokin cikin cinya, da shiga gasa ba tare da isasshen shiri ba. A 2001 an auna 'yan wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara a Amurka, aka ga wanda ƙarfin tsokarsa ta cikin cinya bai kai kashi 80 cikin 100 na ta waje ba, ya fi sauran fuskantar yagewa har ninki 17.

Maganin wannan rashin ƙarfi kuwa ba ya bukatar ko kwabo. Akwai wani motsi da ake kira atisayen Kopenhagen, mutum biyu ke yinsa. Ɗan wasa zai kwanta a gefensa ya dogara a kan gwiwar hannu. Abokinsa zai tsaya ya riƙe ƙafarsa ta sama daidai tsayin ƙugunsa, hannu ɗaya a gwiwa, ɗaya a idon sawu. Sai na kwancen ya ɗaga jikinsa ya miƙe sambal, ya ɗago ƙafar ƙasa ta taɓa ta sama, sa'an nan ya sauke a hankali, kamar daƙiƙa 3 hawa, 3 sauka. Sabon shiga zai fara da riƙo a gwiwa kawai, sau 3 zuwa 5 kowane gefe, a riƙa ƙarawa har a kai 12 zuwa 15. In babu aboki, benci ya isa.

A ƙasar Nowe an gwada shi a kan ƙungiyoyi 35 masu 'yan wasa 652, aka buga sakamakon a 2019. Rabin ƙungiyoyin suka riƙa yinsa sau biyu zuwa uku a mako kafin a fara kaka, sau ɗaya a mako bayan an fara. A ƙungiyoyin da ba su yi ba, kowane mako kamar mutum 21 cikin 100 ke kukan matsematsi. A waɗanda suka yi, ba su kai 14 ba. Masu binciken suka lissafta hatsarin ya ragu da kashi 41 cikin 100, da aikin da bai wuce minti biyar ba.

Ɗumama jiki kafin wasa shi ma ba abin rainawa ba ne. Hukumar FIFA tana da wani tsari na minti 20 mai suna 11+, wanda ya haɗa gudu, da ƙarfafa tsoka, da tsalle. An gwada shi a nan gida, a kan ƙungiyoyi 20 na gasar matasa ta Legas, yara fiye da 400, ƙarƙashin jagorancin Oluwatoyosi Owoeye. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna raunuka baki ɗaya sun ragu da kashi 41 cikin 100 a ƙungiyoyin da suka bi tsarin.

Har ila yau akwai gwaji mai sauƙi wanda kowane koci ko malamin wasanni zai iya yi mako mako. Ɗan wasa ya kwanta rigingine ya miƙe ƙafafu, koci ya sa damtsensa tsakanin idon sawunsa, ya ce ya matse iyakar ƙarfinsa na daƙiƙa 5, sa'an nan ya faɗi zafin da ya ji daga 0 zuwa 10. Daga 0 zuwa 2 ya shiga wasa. Daga 3 zuwa 5 a rage masa aiki a sa masa ido. Daga 6 zuwa sama kuwa ya tsaya ya ga likita. Amfanin wannan gwaji shi ne yana fid da yaro daga nauyin fara magana, tun da kowa ake yi wa.

Saura maganar shiri. Ɗaliban da suka yi wata guda suna jarrabawa sa'an nan aka kwashe su zuwa gasar makarantu, da ma'aikatan da ake tarawa saura mako ɗaya a fara wasannin ma'aikatu, da samarin da ke buga gasar unguwanni kullum ba hutu a kan fili mai ramuka, duk hanya ɗaya suka hau. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsoka tana bukatar mako shida zuwa takwas kafin ta yi ƙarfin da za ta ɗauki gasa.

Saboda haka nauyin nan ya rataya a wuyan mutum uku. Ɗan wasa ya faɗi ciwonsa tun yana na safiya kawai, kada ya jira sai ya gagare shi tari. Koci ya daina ɗaukar mai kukan ciwo a matsayin rago, domin yaron da ya san za a ajiye shi har abada in ya yi magana, shiru zai yi ya sha ƙwaya. Hukumomin wasanni na jihohi da shugabannin makarantu kuma su sa atisayen Kopenhagen da tsarin ɗumama jiki cikin kwas ɗin da ake ba malaman wasanni, su kuma tabbata kowace gasa tana da ma'aikacin lafiya da ya san alamun nan biyu da ba sa kwana. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar a sayo na'ura daga waje. Benci, da ƙwallo, da minti biyar sau biyu a mako sun isa a fara.